Yaranmu a Makarantun Katolika: Jawabi ga Iyaye da Dattawan Ikkilisiya

 

Maganar da aka ba mu yau magana ce da ta daɗe tana zuwa gaban dattawa. Uba zai zo ya ce, "Fasto, yarona ya ci jarrabawar shiga makarantar Fada, in kai shi ko kada in kai shi?" Wani kuwa ba ya tambaya, sai ranar da yaro ya dawo hutu ya yi alamar gicciye kafin cin tuwo, sa'an nan hankalin gida ya tashi. Don haka muka ga ya kamata mu zauna mu yi maganar a fili, gama yaranmu da ke waɗannan makarantu ba kaɗan ba ne, kuma kowace shekara suna ƙaruwa.

Mun san dalilin da ya sa iyaye ke kai su. A garuruwanmu da yawa yaro zai gama makarantar gwamnati bai taɓa ganin malamin darasin addinin Kirista ba. Wata ikkilisiyar tamu gidaje goma ne ko goma sha biyar, ba ta da ƙarfin gina sakandare. Idan iyaye suka duba kewaye suna neman wurin da yaro zai sami karatu mai kyau, a kuma kira sunan Yesu da safe ba tare da tsoro ba, sau da yawa makarantar Katolika ce ke kusa. Wannan ba sabon abu ba ne. Fada-fada na ƙungiyar SMA sun sauka Shendam tun 1907. Sistoci na St. Louis sun zo Kano daga ƙasar Ailan a 1948, makarantarsu ta 'yan mata tana nan a Bompai. A Kaduna akwai St. John's da Queen of Apostles, a Filato akwai St. Murumba a Jos da St. Joseph's a Vom. A 1972 gwamnatin Jihar Tsakiyar Arewa, watau Kaduna da Katsina na yau, ta karɓe makarantun mishan ta sāke musu suna. St. John's ta zama Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta zama Kwalejin Sarauniya Amina, St. Paul's ta Angilikan da ke Zariya kuwa ta zama Kwalejin Kufena. Dattawanmu da suka yi makaranta a lokacin suna tunawa. Daga baya 'yan Katolika suka sāke gina sababbi, har cikin karkara inda ba wanda ya yarda ya je. A nan sun riga mu, kuma gaskiya ce a faɗa.

To, me yaro ke tararwa idan ya shiga? Zai tarar da ƙararrawa tun kafin gari ya waye, da sujadar da suke kira Mas, a wata makarantar kullum, a wata kuma ranar Lahadi da wata rana guda cikin mako. Zai ga ana durƙusawa ana tashi a lokutan da bai sani ba. Zai ji ana jan addu'ar Rosari da ɗan carbi a hannu, musamman a watan Mayu da watan Oktoba. Ranar Larabar Toka za a shafa wa mutane toka a goshi, cikin azumin kwana arba'in kuma za a bi Hanyar Gicciye kowace Jumma'a. Yaro ɗan shekara goma sha ɗaya da ya taso a ɗakin sujada mai bencin katako da ganga da Littafin Waƙoƙi, duk wannan baƙon abu ne a gare shi. Idan ba mu faɗa masa komai ba kafin ya tafi, ɗaya cikin biyu zai faru. Ko ya tsorata ya ɗauka an kai shi cikin masu bautar gumaka, ko kuwa kyan tsarin ya ɗauke masa hankali ya fara ganin sujadarmu ta gida kamar wasan yara.

Saboda haka bari mu faɗi abin da ya haɗa mu da su, da abin da ya raba mu, yadda za mu iya maimaita wa yaro a zaure. 'Yan Katolika suna ba da gaskiya ga Allah Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Suna shaida cewa Yesu ya mutu a kan gicciye, ya tashi a rana ta uku, zai kuma sāke dawowa. Shaidar bangaskiya ta Manzanni da ta Nikiya, wadda aka fara rubutawa a shekara ta 325, namu ne da su gaba ɗaya. Tun da aka kafa ƙungiyar CAN a 1976 muna zaune da su a tabarma ɗaya, kuma ranar da aka ƙone ɗakunan sujada a garuruwanmu ba wanda ya tsaya tambayar wanne ne na Fada, wanne ne na Fasto. Uban da ke cewa yaronsa, "Waɗancan ba Kirista ba ne," ya koya masa abin da ba gaskiya ba, yaron kuwa zai gano haka cikin zango ɗaya. Ranar da ya gano, sauran maganganun uban ma za su yi sauƙi a kunnensa.

Amma bambanci yana nan, ba mu ɓoye shi ba. Littafi Mai Tsarki da muke riƙe da shi yana da littattafai 66, nasu 73 ne, domin sun haɗa da guda 7 a Tsohon Alkawari: Tobit, Judit, Hikima, Sirak, Baruk, da Makabiyawa na fari da na biyu. Sabon Alkawari kuwa iri ɗaya ne, littattafai 27. Idan yaro ya ji an karanta daga Tobit kada ya ce an ƙirƙiro sabon littafi. Tsofaffin rubuce-rubucen Yahudawa ne, mu dai ba ma kafa koyarwa a kansu. Game da Maryamu, su da bakinsu suna cewa ba sujada suke yi mata ba, girmama ta suke yi, suna roƙonta ta yi addu'a dominsu. Ya kamata yaro ya san haka, ya faɗe shi daidai yadda suke faɗa. Sa'an nan ya san namu: muna girmama Maryamu a matsayin uwar Ubangijinmu, amma addu'armu ga Allah take ta wurin Almasihu kaɗai, bisa ga abin da Bulus ya koya wa Timoti game da matsakanci ɗaya. Haka kuma maganar furta zunubi a gaban Fada, da maganar Paparoma, da addu'a domin matattu. Waɗannan su ne abubuwan da aka rabu a kai tun zamanin Martin Luta, daga 1517, ba kuwa yaronmu na aji ɗaya ne zai warware su a ɗakin kwana ba.

Wurin da ya fi ba yara wahala shi ne Jibin Ubangiji, don haka za mu ɗan daɗe a kai. A koyarwar Katolika gurasa da ruwan inabi suna zama ainihin jiki da jinin Almasihu, kuma wanda ke karɓa shi ne ɗan Katolika da aka koyar, aka shirya shi. Yawancinmu a nan muna cin Jibin ne domin tunawa da mutuwar Ubangiji, ko da yake 'yan'uwanmu Lutaran da Angilikan da ke cikinmu suna da tasu fahimtar. Abin da ke faruwa shi ne, lokacin karɓa ya yi, benci gaba ɗaya ya miƙe, yaronmu ya rage shi kaɗai a zaune. Kunya ta kama shi, sai ya bi layi. Ya yi laifi a idon masu makaranta, ya kuma yi abin da bai fahimta ba. Wannan kunyar iyaye ne za su cire masa ita tun daga gida. A ce masa, "Zauna a wurinka, ka sunkuyar da kai, ka yi addu'arka. Ba korarka aka yi ba, kai ma ba raina su ka yi ba." A wasu wurare wanda ba ya karɓa yakan je gaba da hannuwa a ƙirji a sa masa albarka. A tambayi Fadan makaranta yadda suke yi. Tambaya ce ta minti biyu, amma iyaye nawa ne suka taɓa yin ta?

Akwai kuma doka. Sashe na 38 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi koyon addini ko shiga hidimar addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Sashen nan kuma ya ba kowace ɗarika 'yancin koyar da addininta ga 'ya'yanta a makarantar da take ɗauke da nauyinta. Mu da muka sha wahala a kan wannan sashe a makarantun gwamnati, ya kamata mu san shi sarai. Sai dai a lura, ranar shiga makaranta ana ba uba takardar dokoki ya sa hannu, sau da yawa kuwa halartar Mas na cikinta. Da yawa daga cikinmu muna sa hannu muna kallon mai kabu-kabu da ke jiranmu a ƙofa. Karanta takardar. In ba ka iya Turanci ba, je da wanda ya iya. Tambayi ko akwai ƙungiyar FCS, wadda aka fara a Gindiri a 1957, ko kuwa YCS ta Katolika ce kaɗai. Tambayi ko ana barin fasto ya ziyarci yaran da ba 'yan Katolika ba. Wasu shugabanni suna yarda, wasu ba sa yarda, gara ka sani kafin ka biya kuɗi.

Yanzu mu zo ga abin da ya fi damunmu, wanda ba laifin Fada ba ne ko na Sista. Mun lura cewa da zarar yaro ya shiga makarantar mishan, iyaye da yawa sukan sauke kaya. A zuciyarsu sun gama, gama yaro yana hannun mutanen Allah. Mu buɗe 1 Sama'ila sura 1 da ta 2 idan mun koma gida. Hannatu ta kai Sama'ila Shilo yana ƙarami ƙwarai, ta bar shi a hannun Eli firist. Wurin Allah ne, amma a cikin gidan nan ne Hofni da Finehas, 'ya'yan Eli, suke aikata mugunta. Watau ko a ɗakin Ubangiji yaro na iya samun mugun abin koyi. Me Hannatu ta yi? Kowace shekara takan ɗinka masa 'yar riga ta kai masa lokacin da suka hau yin hadaya. Iyayenmu mata masu ɗinki sun san abin da wannan ke nufi. Ba a ɗinka wa yaro mai girma riga sai an san inda tsawonsa ya kai. Rigar bara ba ta shiga bana. Dole Hannatu ta riƙa auna ɗanta da ido, tana lissafin yadda zai ƙaru kafin ta sāke ganinsa.

Mu fa? Akwai uban da ya san kuɗin makaranta har kwabo, amma bai san sunan abokin ɗansa ko ɗaya ba. Akwai uwar da ke cika jaka da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari, amma ba ta san cewa 'yarta ta daina addu'a tun aji biyu ba. Yaro ya tafi yana da tambayoyin ɗan shekara goma sha ɗaya, ya dawo da na ɗan shekara goma sha shida, mu kuwa har yanzu amsar Makarantar Lahadi muke ba shi. Abin mamaki, Ikkilisiyar Katolika da kanta ba ta ce ta karɓe mana wannan aiki ba. Takardar da Majalisar Vatican ta Biyu ta fitar a kan ilimi a 1965 ta ce iyaye su ne malamai na fari kuma mafi muhimmanci ga 'ya'yansu. Maimaitawar Shari'a sura 6 ta riga ta ɗora koyarwar a kan gida, a zaune da a tafe. Zango uku ne a shekara, tsakaninsu akwai hutu, dogon hutu kuwa ya fi wata guda. A gidaje da yawa hutun nan gona ce da kasuwa kawai. Aiki yana da kyau, amma a tsakanin huɗa da huɗa ana iya tambayar yaro abin da ya ji a sujada, da abin da bai gane ba.

Ranar ziyara ma haka. Wata 'yar makaranta ta faɗa wa matar fastonta cewa ba shinkafar da ake kawo wa sauran yara ce ke sa ta kuka ba, a'a, kiran suna ne. Ana kiran sunayen waɗanda iyayensu suka zo ɗaya bayan ɗaya, ita tana zaune har yamma. Mun san kuɗin mota ya yi tsada. Amma idan gidaje huɗu suna da yara a makaranta ɗaya, me zai hana a yi karo-karo mutum ɗaya ya je a madadin kowa, ya kira kowane yaro da sunansa? Wannan aikin Zumuntar Mata ne tsaf.

Akwai wani nauyi da yaranmu ke ɗauka wanda iyaye ba su cika lura da shi ba. A gari ana ce musu, yaya Bahaushe zai zama Kirista? Sun shiga makarantar Kirista suna tsammanin sun huta, sai abokan aji daga wasu kabilu su ji sunan Audu ko Tanko ko Larai su ce, anya kai Kirista ne kuwa? A gida bare, a makaranta ma bare. Wasu yaran sukan sauya suna a ɓoye, wasu su dawo suna jin kunyar yin addu'a da Hausa. Ku gaya musu cewa an buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, kuma akwai gidajen Hausawa da Fulani a Wusasa da suka yi tsara huɗu ko biyar cikin bangaskiya. Ku sa wa yaro Littafinsa na Hausa cikin akwati tare da na Turanci.

Sauran abubuwan zaman makaranta kun san su: manyan ɗalibai masu cin zalin ƙanana, yunwa, satar amsa lokacin WAEC da NECO, waya da ake shigowa da ita a ɓoye. Makarantun mishan sun fi tsanani a kan waɗannan, shi ya sa muke son su, amma ba aljanna ba ne. Idan aka kama ɗanka da waya aka kore shi mako biyu, kada ka je kana yi wa shugaban makaranta ihu a gaban yaron, alhali kai ka saya masa. Amma idan yaro ya dawo da tabon duka da ya wuce horo, ko yarinya ta ce wani babba yana taɓa ta ko yana kiranta ita kaɗai, kada ka ce mata ta yi shiru domin wurin na mutanen Allah ne. Saurare ta, ka je da dattijo ɗaya, a kai magana gaban hukumar makaranta, in ta kama har gaban hukuma. Wannan ƙa'ida ɗaya ce ko makarantar Fada ce ko tamu.

To, idan yaro ya dawo ya ce yana so ya zama ɗan Katolika fa? Yana faruwa. Mun ga uban da ya ɗauki bulala, mun ga wanda ya hana kuɗin makaranta. Mu da iyayenmu da kakanninmu aka kora daga gida saboda sun bi Almasihu, bai kamata a ce mu ne ke korar ɗa saboda ɗarika ba. Zauna da shi ka tambaye shi dalili. Sau da yawa za ka tarar ba koyarwa ce ta ja shi ba. Yana son ya zama mai hidima a bagade kamar abokinsa, ko kuwa wani Fada ne ya zauna ya saurare shi ranar da yake cikin damuwa, abin da ba wanda ya yi masa a gida. Ka ce masa ya dakata har ya gama makaranta, ku yi nazari tare, ka kai shi wurin fasto. Ka kuma je ka ga shugaban makaranta cikin ladabi ka ce ba ka yarda a sa yaronka ajin katikizim ba sai da saninka. A namu ganin, yawancin wannan matsala tana tasowa ne domin muna tura yara ba su shiga ajin baftisma na ikkilisiyarsu ba. Sun tafi ba su san abin da suka gaskata ba, wanda ya fara yi musu bayani dalla-dalla kuwa shi suke bi. Ya kamata majalisar dattawa ta duba ko za a buɗe ajin koyarwa na musamman a dogon hutu domin 'yan sakandare.

Ba za mu tashi ba mu taɓa maganar tsaro ba. A watan Yuli na 2021 'yan bindiga sun kwashe ɗalibai sama da 100 daga makarantar Bethel Baptist da ke ƙaramar hukumar Chikun a Jihar Kaduna. Ranar 21 ga Nuwamba 2025 aka shiga makarantar Katolika ta St. Mary's da ke Papiri, ƙaramar hukumar Agwara a Jihar Neja, aka tafi da yara da ma'aikata sama da 200, har da 'yan firamare. Sai gab da Kirsimeti aka sako rukunin ƙarshe. Ɗaya ta Baptist, ɗaya ta Katolika, kukan iyayen kuwa iri ɗaya ne. Ba muna cewa a kwashe yara daga makarantun kwana ba, gama ga ƙauyuka da yawa in babu ta kwana babu sakandare ke nan. Amma uba yana da ikon tambaya. Akwai katanga? Masu gadi nawa ne da dare? Ina jami'an tsaro mafi kusa? Idan an sami labarin barazana, ta wace hanya za a sanar da iyaye? Wurin yin waɗannan tambayoyi shi ne taron iyaye da malamai, taron da mutanenmu suka fi kowa ƙaurace masa, wai don da Turanci ake yi. Ku je, ku zauna a gaba, ku yi magana da Hausa, za a sami mai fassara.

Ga roƙonmu ga dattawa kafin a koma makaranta. Kowace ikkilisiya ta rubuta sunayen yaranta da ke sakandare, da makarantar da kowa yake, da ajinsa. A ba kowane dattijo yara biyu ko uku da zai riƙa tambayar labarinsu. Ranar Lahadi ta ƙarshe kafin komawa a kira su gaba a yi musu addu'a da suna. Fasto kuma ya rubuta 'yar wasiƙar gaisuwa zuwa ga Fadan makaranta, ya ce ga 'ya'yanmu nan a hannunku, ga lambar wayarmu. Iyayen da kuɗin zango ya gagare su kuwa kada su ɓoye har a koro yaro, su sami ma'ajin ikkilisiya tun da wuri a ga abin da za a iya yi.

Bari mu tashi tsaye. Za mu roƙi ɗaya daga cikin iyayenmu mata ta yi mana addu'a domin yaran da za su shiga aji ɗaya bana.